Kafin a ɗora tsohuwar Land Rover a kan sikelin 'yan gwangwan

Akwai wata irin mota da ido ya saba da ita a tsofaffin unguwannin ma'aikata na Zariya har ya daina ganinta. A Gyallesu, unguwar da ta yi maƙwabtaka da Kongo da Tudun Wada, ana iya cin karo da ita a jingine jikin katanga ko a gindin darbejiya: doguwa, mai ƙofa biyar, fentinta ya koɗe, tayoyinta sun sace har sun fara nutsewa cikin ƙasa. Awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta, yara na wasan ɓuya a cikinta, wani lokaci ma a shanya tabarma a kan rufinta. Land Rover ce ko Toyota Land Cruiser ta zamanin da, irin wadda ke ja da ƙafafu huɗu.

Mai ita galibi dattijo ne da ya yi aikin gwamnati ko koyarwa. Ya saye ta a gwanjon ma'aikatarsu shekaru da yawa da suka wuce, ya more ta, sannan wata rana ta tsaya, ya ce zai gyara idan kuɗin sallama suka fito. Ba ta sake tashi ba. Ranar da Allah Ya karɓi ransa, motar ta shiga cikin dukiyar gado tare da gida da gona da littattafai. Gida ana iya raba shi ɗaki-ɗaki, gona ana iya auna ta da igiya, amma mota ba ta rabuwa. Dole a yi mata kuɗi, a sayar, a raba abin da aka samu.

A nan ake tafka asarar da ba wanda ya san an yi ta. Mutum na farko da ke zuwa taya irin wannan mota shi ne ɗan gwangwan, kuma shi nauyi kawai yake gani. Zai zagaya ta sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa bodi, ya dubi babban ɗan gidan ya ce, "Malam, ai wannan ta daɗe da mutuwa, sai dai mu rage muku tarkace a ƙofar gida." Ya yi tayi, a ce albarka sau ɗaya don kada a ce ba a yi ciniki ba, ya ƙara ɗan wani abu, a sallama. Kafin la'asar an zo da abin yankan ƙarfe.

Sayar da motar ba aibu ba ne. Magada suna da buƙata, akwai kuɗin makaranta, akwai auren 'yan mata, kuma ba wanda ya taɓa cin tarihi ya ƙoshi. Aibun yana wajen sayar da ita a kan tayin mutum ɗaya, a rana ɗaya, ba tare da sauran masu so sun ji labari ba. Irin wannan mota gwanjo take buƙata, gwanjo na gaskiya wanda aka yi shelarsa, domin tana da farashi fiye da ɗaya, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne wanda sikeli ke bayarwa.

Abin da ake biya a wasu ƙasashe

A watan Disamba na 2015, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata Land Rover Defender a birnin Landan a kan fam 400,000. Wani mai saye daga Katar ne ya yi nasara, aka ba ƙungiyoyin agaji kuɗin. Ba kowace mota ce za ta kai haka ba, domin waccan ita ce ta cike miliyan biyu cikin jerin waɗanda aka ƙera a masana'antar Solihull da ke Ingila, kuma sabuwa ce fil. Amma ranar 29 ga Janairun 2016 aka rufe ƙera tsohon samfurin baki ɗaya, bayan shekara 68, kuma kowa ya san abin da ke faruwa da kaya idan aka daina yinsu alhali masu so suna nan. A cikin shekarar ma kamfanin da kansa ya fara neman tsofaffin motocinsa na farko-farko, yana gyara su kamar sababbi yana sayarwa.

Haka abin yake ga Land Cruiser. Toyota ta raɗa wa motarta wannan suna a 1954, ta fito da doguwar wagon samfurin 55 a 1967, sannan samfurin 60 a 1980. Waɗannan motoci da a nan ake kallon su a matsayin tsofaffin jif masu shan mai, a Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa akwai mutanen da ke bibiyar su suna tarawa.

Abubuwa uku suka sa motar da ta tsufa a Arewa ke da wata daraja a idon irin waɗannan masu saye. Na ɗaya, dokar Amurka ta yarda a shigo da motar da ta kai shekara 25 ba tare da an tilasta mata cika sharuɗɗan da ake ɗora wa sababbin motoci ba, wato tsufan nata ne ma ke buɗe mata ƙofa. Na biyu, tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motocin da aka shigo da su bayan nan sitiyarinsu a hagu yake, daidai da na Amurka da mafi yawan Turai, saɓanin na Ingila. Na uku shi ne tsatsa. A ƙasashen sanyi ana barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa cin ƙarfen ƙarƙashin mota yake yi kamar gara. Motar da ta yi rayuwarta tsakanin Zariya da Funtuwa da Birnin Gwari ba ta san wannan ba. Ta sha ƙura, ta sha rami, amma shasinta na iya kasancewa da sauran ƙwari.

Magadan da ke tsaye a ƙofar gida ba su san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Yadda ta zo Zariya

Land Rover ta fara bayyana ne a baje-kolin motoci na Amsterdam a watan Afrilun 1948. Injiniyan kamfanin Rover, Maurice Wilks, ya ɗauko tunanin daga jif ɗin sojan Amurka da yake aiki da ita a gonarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, alminiyum kuwa akwai shi, sai aka yi bodin motar da alminiyum aka bar shasi a ƙarfe. Wannan dabara ta dole ita ta sa har yau bodin tsohuwar Land Rover ba ya ruɓewa ko da ta shekara talatin a waje.

Doguwar cikinsu, wadda ake kira 109 saboda tazarar inci 109 da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya, tana ɗaukar mutum goma zuwa goma sha biyu. Da yawa daga cikin waɗanda aka kawo ƙasashen zafi rufinsu biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, iska na ratsawa tsakani don kada rana ta gasa na ciki. Kusa da giya akwai wasu 'yan sanduna biyu, ɗaya mai jan kai ɗaya mai rawaya. Tsofaffin direbobi sun san aikinsu: a danna rawayar ƙafafu huɗu su kama, a ja jar a shiga ƙaramar giya, motar ta riƙa rarrafe cikin taɓo ko yashi har ta fita.

Ba abin mamaki ba ne a ce Zariya ta tara irin waɗannan motoci, domin gari ne na hukumomin da aikinsu ke daji. Binciken aikin gona a Samaru ya faro tun 1922. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a shekarar aka kafa babbar kwalejin horar da malamai wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Gyallesu. Ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga harkar auduga, ga asibitin Wusasa. A zamanin da kwalta ba ta wuce manyan hanyoyi ba, malamin gona da malamin dabbobi da sufeton makarantu da masu nuna majigi ba su da wata hanyar isa ƙauye da damina sai da motar da ke ja da ƙafa huɗu. Yaran ƙauye da yawa, waɗanda yanzu suke da jikoki, irin wannan ce motar farko da suka taɓa gani ta tsaya a ƙofar gidan dagaci.

Daga baya motocin suka bar harabar hukumomi suka koma ƙofar gidaje, kuma ta hanyar gwanjo suka koma. Idan mota ta tsufa sai kwamiti ya duba ta, ya rubuta cewa ta gama aiki, a sa ta a kasuwa, sau da yawa ma'aikacin wurin ne ke saye. A 2003 kuma gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alfarmar ma'aikata zuwa kuɗi, aka sayar da ɗimbin motocin gwamnati. Ke nan motar da ke gindin darbejiya ta riga ta ga gwanjo sau ɗaya a rayuwarta. Na biyun ne ake hana ta.

Shi ɗan gwangwan, a yi masa adalci, ya san sana'arsa. Ya san alminiyum ya fi baƙin ƙarfe tsada a kilo, ya san akwai jan ƙarfe a wayoyi da lagireto, ya san maƙeran tukwane suna jira. Ba mamaki wata babbar tukunyar da ake dafa shinkafar biki a cikinta yau, jiya ƙofar Land Rover ce. Bai saci komai ba, saye ya yi. Amma shi ya san abin da yake saye, mai sayarwa bai san abin da yake sayarwa ba, kuma ciniki irin wannan shari'a ba ta yi shiru a kansa ba.

Gwanjo da haƙƙin marayu

Wasu na ƙyamar kalmar gwanjo, suna ganin abin kunya ne a ce an yi gwanjon kayan mahaifinsu, kamar wanda bashi ya ci. Wannan kunya ba ta da tushe a addini. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya zo yana roƙo, Manzon Allah (SAW) ya sa ya kawo ɗan abin da ya mallaka, shimfiɗa da ƙwarya, ya ɗaga su a gaban sahabbai yana neman mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, aka nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu, aka sallama masa. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan a kan halaccin cinikin "wa zai ƙara".

Abin da aka hana shi ne maguɗi a cikinsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukan Zariya tun kaka da kakanni, akwai hanin najashi, wato mutum ya riƙa ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi wani. Akwai kuma hanin tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa. Daga cikin dalilan da malamai suka bayar akwai cewa baƙon bai san farashin gari ba, sai a saye a hannunsa da arha. Wanda ya riga kowa zuwa gidan makoki ya taya mota kafin labarinta ya fita, bai yi nisa da mai tare fatake ba.

Abin ya fi nauyi idan akwai marayu ƙanana cikin magada. Babban wa na iya yafe nasa kason don a huta, amma ba shi da ikon yafe na ƙanensa ɗan shekara bakwai. Ita kuma matar mamacin, wadda ke da tumuni idan akwai 'ya'ya, tana cikin ɗaki tana takaba lokacin da ake cinikin a waje. 'Yan matan gidan da ke gidajen aurensu sai dai a kira su a waya a ce an sayar da "tarkacen nan na Baba". Ba wanda ya yi niyyar zalunci, amma an rage wa kowa haƙƙinsa, har da waɗanda ba a tambaye su ba. Alƙalan kotunan shari'a da malaman da ake kira rabon gado kan nemo masana su yi wa gida da fili kuɗi. Mota kuwa, idan ta daina tashi, sai a bar ta ga duk abin da aka taya. Ya kamata ita ma a nemo mata wanda ya san ta.

Akwai kuma wani maguɗin da ya fi najashi yawa a gwanjon motoci, kuma kishiyarsa ne. Dillalai kan haɗa baki kafin a fara, su yarda ba wanda zai ƙara a kan wani, ɗaya ya saya da arha, su koma gefe su sake yin nasu gwanjon a tsakaninsu su raba ribar. Maganinsa ɗaya ne: a tara masu saye da yawa waɗanda ba su san juna ba. Shi ya sa shela ta fi ƙararrawar mai gwanjo muhimmanci.

Wannan magana ta shafi hukumomi fiye da gidaje, domin har yanzu akwai irin waɗannan motoci a bayan ofisoshi da garejin ma'aikatu, ciyawa ta rufe su. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi cewa kafin a sayar da kadarar jama'a sai mai ƙima mai zaman kansa ya yi mata kuɗi, kuma gasa a fili ita ce babbar hanyar karɓar tayi. A 2017 Hukumar Kwastam ta fara gwanjon kaya ta intanet, abin da ya nuna ana iya yi idan an so. Amma mai ƙimar da aka ɗauko, idan abin da ya sani shi ne lissafin raguwar darajar mota shekara-shekara, zai rubuta cewa motar 1978 ba ta da sauran daraja, a haɗa ta da karyayyun kujeru da matattun janareto a sayar a dunƙule. A takarda an bi doka. A zahiri an yi kyauta da dukiyar jama'a.

Kada a yi wa rogo kallon kitse

Sai dai akwai haɗari a ɗaya ɓangaren, kuma wajibi ne a faɗe shi. Matashin da ya ga hoton Land Cruiser a waya an sayar da ita da dubban daloli zai iya hana a sayar da ta gidansu, ya ce sai Bature ya zo. Bature ba zai zo ba, motar kuma ta ci gaba da nutsewa, rabon gado ya tsaya, zumunci ya yi tsami.

Gaskiyar ita ce mafi yawan waɗannan motoci ba za su taɓa ganin jirgin ruwa ba. Motocin da ke yin tsada a can waɗanda aka adana ne, ko aka kashe musu kuɗi masu yawa wajen gyara. Masu sayen kuma suna da tsanani. Suna son injin asali, alhali bakaniken Sabon Gari ya daɗe da cire shi ya dasa na wata motar, don a lokacin abin da ya fi sauƙi ke nan. Suna son shasin da ba a yanka aka yi masa walda ba. Motar da ta shekara ashirin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, damina bayan damina, ƙarƙashinta na iya zama gari ko da bodin yana ƙyalli. Sama da komai suna son lamba da takarda su dace. A 2013 jami'an kwastam na Amurka sun murƙushe wata Land Rover Defender a Baltimore saboda an sauya mata lamba don ta yi kamar ta kai shekarun da doka ta ce. Duk wanda ya ce zai "gyara" lambar shasi don a sami kuɗi, asara yake shiryawa. Ga kuɗin ɗauka zuwa Legas, ga na jirgi, ga takardun fitarwa, ga 'yan damfara da ke jiran wanda ya ɗora hoton mota a intanet su ce ya fara turo kuɗin rajista.

To me ya rage? Abin da ya rage shi ne tsakanin sikeli da dala akwai kasuwa mai faɗi, kuma a nan gida take. Akwai manomin da gonarsa ke bayan rafi, wanda tsohuwar jif mai sauƙin gyara ta fi masa sabuwa mai kwamfuta. Akwai bakaniken da ke da irinta yana neman akwatin giya ko gilashi ko ƙofa, abubuwan da ba a samu a shago. Akwai masu sayar da kayan gyara a Panteka ta Kaduna da kasuwannin Kano, waɗanda suka san cewa motar da aka warware aka sayar ɗaya-ɗaya ta fi wadda aka narkar kawo kuɗi. Akwai kuma 'yan ƙalilan masu hali a Abuja da Legas da Kano da suka fara sha'awar tsofaffin motoci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya ba da fiye da ɗan gwangwan, amma sai ya ji labari.

Fijo ma ta shiga wannan lissafi, ko da yake ita ba ta ja da ƙafa huɗu. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da yin 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Doguwar 504 mai layin kujeru uku ita ta riƙe tashoshin mota na Arewa tsawon zamani. Wani kamfanin Faransa mai suna Dangel ya riƙa mayar da wasu daga cikinsu masu ja da ƙafa huɗu tun daga 1980, kuma waɗannan ba su da yawa a duniya. Wanda ya ga 504 wagon mai tsayin ƙafa fiye da saura, ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya yi magana.

Akwai wata tambayar da ta wuce kuɗi, ko da yake bai kamata a ɗora wa marayu nauyinta ba. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas an ajiye Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, mutane na zuwa kallo. Wannan motar shugaba ce. Motar malamin gona fa, wadda ta kai irin auduga da allurar shanu ƙauyuka? Zariya ce mazaunin Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, ga jami'a mai sashen tarihi da na injiniya, ga Gidan Arewa a Kaduna. Land Rover ɗaya, Land Cruiser ɗaya, 504 ɗaya, kowace da takardunta da bayanin inda ta yi aiki, ba za su ci wani babban fili ba, kuma ɗaliban kanikanci za su koyi abu a jikinsu. Amma hukumar da ke so ta zo wurin gwanjo ta taya kamar kowa. Kada a zo wa gwauruwa da maganar kishin tarihi a karɓe mata mota kyauta.

Abin da gida zai iya yi

Ba a buƙatar kamfani irin Bonhams a Gyallesu. Wayar da ke hannun kowane matashi ta isa. Manyan shafukan gwanjon motoci na Amurka, irin su Bring a Trailer, ba wani sihiri suke yi ba: hotuna masu yawa, bayani na gaskiya har da aibun motar, da kwana bakwai a buɗe kowa na gani yana tayawa. Gida ma zai iya kwaikwayon haka daidai ƙarfinsa.

A fara da binciko takardu a cikin akwatin mamacin, musamman rasiɗin gwanjon farko da tsohon littafin mota, domin su ne shaidar cewa ba ta sata ba ce. A ɗauki hoton gaba da baya da ciki da injin da ƙarƙashi. A kira bakanike biyu ko uku waɗanda suka san irin motar, kowa ya zo daban, kuma a gaya musu tun farko cewa wanda ya yi ƙima ba zai saya ba. A tambayi ɗan gwangwan nasa farashin shi ma, a rubuta, ya zama shi ne ƙasa, abin da ba za a sauka ƙarƙashinsa ba. Sannan a ba da mako biyu ko uku labari ya zagaya garejoji da tashoshi da zaurukan WhatsApp, a sa rana, a yi a gaban mai unguwa ko limami da wakilin kowane magaji, har da na matan. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yan ne ke son riƙe motar mahaifinsa, ya taya a gaban kowa, a cire daga kasonsa.

Mai yiwuwa bayan duk wannan wahala a tarar ɗan gwangwan ne dai ya fi kowa tayi. Hakan na faruwa, musamman idan shasi ya riga ya tafi. A lokacin sai a sallama masa da zuciya ɗaya, ba wanda zai zo bayan shekara biyar ya ce an cuce shi.

Lambar shasin tsohuwar Land Rover tana kan wani ɗan faranti a cikin motar, gaban direba, kuma an buga ta a jikin ƙarfen shasin kansa, can gaba ta hannun dama, wurin da aka ɗaura sifirin. Yawanci laka da tsohon baƙin mai sun rufe ta. Ɗan kananzir da burushin ƙarfe sun isa su fito da ita, a gwada da abin da ke cikin takarda.